Waye Zai Kai Yaran Gobe? Zaɓen Tsarin Sufurin Iyalai da Manhajar da Za Ta Riƙe Shi

Ƙarfe shida da minti ashirin na safe saƙon ya shigo zauren WhatsApp na iyaye da nake kula da shi: "Don Allah a yi haƙuri, motar ta ƙi tashi, yau ba zan iya kai yaran ba." Baiwar Allah ta yi abin da ya kamata, ta faɗa da wuri. Amma kafin bakwai saura kwata maganarta ta nutse a ƙarƙashin gaisuwar safiya, da wani bidiyo da aka kwaso daga wani zauren, da saƙon murya mai minti huɗu a kan wata magana daban. Gida uku suka gani, suka nemi mafita. Gida biyu ba su gani ba. Yara uku suka tsaya a bakin ƙofa, jaka a baya, gorar ruwa a hannu, suna leƙen duk motar da ta karyo kwana, har lokacin shiga aji ya wuce.

Tun daga ranar, ma'auni ɗaya nake auna kowane shiri da shi: safiyar da mai kai yara ya fasa. Minti nawa za a ɗauka kafin kowane gida ya sani? Waye zai maye gurbinsa, kuma shi mai maye gurbin ya san da haka tun jiya? Ranar da kowa ke lafiya, mota ta tashi, hanya a buɗe, kowane tsari yana aiki. Safiyar tangarɗa ce ke raba su.

Na kuma lura cewa iyaye kan fara da tambayar wace manhaja za a sauke, alhali akwai tambayar da ke gabanta: wace irin tafiya muke shiryawa? Bukatar gida biyar masu karɓa-karɓa daban take da ta gida talatin da suka yi hayar bas. Don haka bari in fara da tafiyar.

Karɓa-karɓa da motocin gida

Shi ne mafi sauƙin farawa. Gida biyar, kwana biyar na makaranta, kowa ya ɗauki rana ɗaya ya huta huɗu. A takarda abin gwanin sha'awa. Inda lissafin ke karyewa shi ne kujeru. Ƙaramar mota mai kujera biyar tana da wuri uku ne a baya, kuma baya ne wurin ƙananan yara. Kujerar jariri mai kallon baya ba a ɗora ta a gaba inda jakar iska, wadda ke buɗewa in an yi karo, ke aiki, don idan jakar ta buɗe tana iya yi wa jaririn mummunan rauni. In gidaje biyar ɗin nan na da yara takwas, mota ɗaya ba za ta kwashe su lafiya ba, sai dai a yi sawu uku ko a raba zuwa ƙungiya uku. Ku ƙirga yara ku ƙirga bel kafin ku ƙirga ranaku.

Ba ina tsaurara wannan don son tsauri ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke rasa rai a haɗarin hanya duk shekara, kuma haɗarin hanya ne ke kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Wanda ya karɓi ɗan wani a motarsa amana ya karɓa, "a matsa a gyara, ba nisa" ba ta cikin amana.

Rauni na biyu: karɓa-karɓa yakan bar gidan da ba shi da mota a waje, alhali sau da yawa shi ya fi bukatar taimakon. Maganin da na ga yana aiki shi ne a faɗaɗa ma'anar gudummawa. Wanda ba shi da mota yana iya ba da kason kuɗin mai, ko ya zama mai tara yara a wurin ɗauka kullum da safe, ko ya riƙe yaran wani gida na awa ɗaya bayan an tashi. A rubuta wannan a jadawali kamar yadda ake rubuta ranar tuƙi, don kada mutum ya riƙa jin kamar alfarma ake yi masa.

Hayar mota ɗaya da direba ɗaya

Idan gidaje sun haura goma, karɓa-karɓa yakan fi ƙarfin mai shiryawa. Nan ne haya ke shigowa. Amfaninta a fili yake: lokaci ɗaya, fuska ɗaya da yara suka sani, iyaye masu fita aiki da sassafe sun sami sauƙi. Sai dai duk ƙwan yana kwando ɗaya. Ranar da direban ya kwanta rashin lafiya ko motar ta shiga gareji, gida ashirin ne a tsaye lokaci guda. Kada ku ƙulla yarjejeniya da kowa sai ya faɗa muku wa zai zo a madadinsa, kun kuma ga mutumin da idonku.

Sannan kuɗi ya shigo, kuma inda kuɗi ya shigo dole a sami rubutu. Za a biya bisa kan yaro ne ko bisa kan gida? Mai yara huɗu zai so bisa gida, mai ɗa ɗaya zai so bisa yaro. Ni na fi karkata ga bisa yaro, da ɗan rangwame daga na uku, tunda kujera ake saye. Me zai faru da watan hutu? Wanda ɗansa ya yi mako biyu a kwance fa? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ku tambayi lasisin tuƙi, ku tambayi takardun mota, ku tambayi inshora. A ƙasashe da dama doka da kamfanonin inshora suna bambanta raba kuɗin mai tsakanin maƙwabta da ɗaukar fasinja don riba, kuma inshorar motar gida ba lallai ta rufe na biyun ba. Wannan ya shafi har mahaifin da ya ce zai riƙa kwasar yaran kowa da motarsa a riƙa biyansa.

Ayarin ƙafa

Wannan ne aka fi rainawa, kuma shi na fi so in hanya ta ba da dama. Manya biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, su bi hanya ɗaya kullum, suna tsayawa a wurare sanannu a lokuta sanannu suna ɗaukar yara, tamkar bas, sai dai da ƙafa. A Japan yaran firamare sun daɗe suna tafiya makaranta rukuni-rukuni. Wani ɗan Ostareliya, David Engwicht, shi ake dangantawa da yaɗa tunanin a 1992, kuma a 1998 wata makaranta a garin St Albans na Ingila ta fara aiwatar da shi. A Basalona, tun 2021, iyaye suna yin irinsa da kekuna. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da shawarar babba ɗaya ga yara shida, idan kuma yaran 'yan shekara 4 zuwa 6 ne, babba ɗaya ga yara uku.

Ba mai, ba gareji, gidan da ba shi da mota yana ba da gudummawa daidai da kowa. Iyakarsa nisa, da yanayi, da babban titin da ba shi da wurin tsallakawa. In makarantar ta yi wa ƙafar ɗan shekara shida nisa, a haɗa biyu: ayari ya tara yara wuri ɗaya, mota ta ɗauka daga nan. Wannan kaɗai yana rage wa direba zagayen ƙofa-ƙofa da ke cinye safiya.

Akwai kuma tafiyar da ba ta da jadawali: kai tsohuwa ganin likita, mai ciki zuwa awo, yaro mai lalura zuwa gashin ƙashi. Wannan masu sa kai take bukata da mutum ɗaya mai haɗa mai bukata da mai mota. Zan dawo kanta, don ita ce ta fi kowacce bukatar sirri.

Manhajojin hira: WhatsApp, Telegram, Signal

WhatsApp na da fifikon da sauran ba su da shi: mafi yawan iyayen da za ku gayyata suna da ita, sun kuma iya ta. Kakar da ba ta karatu sosai tana iya danna ta yi magana, ta danna ta saurara. Zaure ɗaya yana ɗaukar mutum 1,024, wanda ya wuce bukatar kowace ƙungiyar iyaye. Tun 2016 saƙonninta a kulle suke daga waya zuwa waya, har na cikin zaure. Akwai ƙuri'a, wadda ke da amfani fiye da yadda ake zato: dokin mai baki ya fi gudu, a muhawarar zaure mutum uku ne ke magana sauran su yi shiru, amma da ƙuri'a za ka ji ra'ayin mai kunya. Ana iya maƙale saƙo a sama na awa 24, ko kwana 7, ko kwana 30. Direba kuma yana iya kunna nuna inda yake na minti 15, ko awa ɗaya, ko awa takwas, iyaye su ga motar tana tafiya a taswira.

Wannan na ƙarshen ya cancanci a tsaya a kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce direban da ke amfani da waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi yiwuwar haɗari da kusan ninki huɗu. To mu iyaye mu ne ke kiran direba muna tambayar "kun iso ina?", yaranmu na bayansa. Dokar da muka kafa ita ce: kafin ya tayar da mota ya kunna nuna wuri na awa ɗaya, ya ajiye wayar. Ba mai kiransa sai ya tsaya. Wanda hankalinsa bai kwanta ba ya duba taswira.

Aibin WhatsApp shi ne wanda na fara da shi. Hira kogi ce, abin da ka jefa yanzu, bayan awa ɗaya ya yi nisa. Jadawalin mako da aka turo ranar Lahadi, zuwa Laraba an gyara shi sau uku a saƙonni uku, kowa na riƙe da wanda ya gani ƙarshe. Saƙon murya kuma ba a iya leƙa shi da ido ɗaya ana ɗaura wa yaro takalmi. Sannan duk wanda ke zauren yana ganin lambobin sauran. Gyaran da ya fi tasiri shi ne zaure biyu: ɗaya na sanarwa, wanda masu kula da shi kaɗai ke iya rubutu, ɗaya na hira. Tsarin al'umma da manhajar ta fito da shi a 2022 yana haɗa irin waɗannan zaurukan a inuwa ɗaya. Sai dai a tabbata duk mai tuƙi yana cikin masu ikon rubutu a zauren sanarwa, in ba haka ba saƙon fasawa zai tsaya jiran wanda ke barci.

Telegram, wadda 'yan uwan juna Pavel da Nikolai Durov suka fito da ita a 2013, ta fi tsari. Zaurenta yana kai mutum 200,000. Ana iya raba zaure ɗaya zuwa sassa, a ce sashen jadawali, sashen kuɗi, sashen kayan da aka manta a mota. Ana iya saita shi yadda sabon shiga zai ga duk abin da aka tattauna a baya, mutum kuma yana iya ɓoye lambarsa. Saƙonni suna ajiye a rumbun kamfanin, don haka wanda wayarsa ta ɓata yana shiga da sabuwa zai tarar da komai. Amma wannan ajiyar tana da farashi: zaurukan Telegram ba a kulle suke daga waya zuwa waya ba, hirar sirri ta mutum biyu ce kaɗai ke da wannan kariya. Ga zauren da ke ɗauke da sunayen yara, da ƙofar gidajensu, da lokacin da suke tsayawa a waje, wannan abin dubawa ne. Babbar matsalar ma ta fi wannan sauƙin faɗa: manhajar da mutum ya sauke don ku kaɗai ba zai riƙa buɗe ta da asuba ba. Ina ba da shawararta ne ga babbar ƙungiya mai bas biyu ko uku da mai kula na dindindin.

Signal tana kulle komai, gidauniya ce da ba ta neman riba ke tafiyar da ita, zaurenta na ɗaukar mutum 1,000, kuma tun 2024 ana iya amfani da sunan laƙabi a ɓoye lamba. Ga harkar makaranta ta kullum, wahalar shawo kan kowa ya sauke ta ta fi ribar. Inda take da muhalli shi ne ƙaramin zauren masu kai marasa lafiya. Ko a can ɗin, kariya ta gaskiya ita ce kada a rubuta abin da bai zama dole ba. Direba yana bukatar sanin lokaci, da wuri, da ko akwai keken guragu. Ba ya bukatar sanin ciwon.

Inda jadawali ke zama

Hira wurin magana ce, jadawali kuwa yana bukatar wurin zama guda, wanda in an gyara shi an gyara wa kowa. Nan ne Google Sheets da Google Calendar ke shigowa, dukansu kyauta ga mai asusun Google.

Sheets takarda ce mai layi da guraben rubutu. Namu layi biyar ne, Litinin zuwa Juma'a, da gurabe huɗu: mai kaiwa, mai ɗaukowa, mai jiran ko-ta-kwana, yaran da ba za su je ba. Gurbi na ukun nan shi ya canza mana komai. Kowace rana tana da mutum na biyu da ya san cewa in waya ta yi ƙara ƙarfe shida da rabi, shi ne. A shafi na biyu ake rubuta kuɗin mai, wa ya bayar, yaushe, nawa ya rage. Manhajar tana ajiye tarihin gyare-gyare, don haka in gardama ta taso kan wa ya sauya ranar Alhamis, ana iya dubawa. Mai shi yana zaɓar wa zai gani kawai, wa zai iya gyarawa. Ku ba mutum biyu ikon gyara, sauran su gani. Kuma kada ku bar mahaɗin, wato link ɗin da ake latsawa a shiga takardar, a buɗe ga duk wanda ya same shi matuƙar akwai sunayen yara a ciki, don mahaɗi yana yawo daga waya zuwa waya ba tare da sanin mai shi ba.

Raunin Sheets biyu ne. A ƙaramar waya guraben suna matsewa, mai raunin ido yana shan wahala. Sannan ba ta tashin kowa, sai wanda ya tuna ya buɗe. Calendar kuma a nan ta fi ƙarfi: ka saka "ranar tuƙina" sau ɗaya, ka ce ta maimaita duk Talata, ta tuna maka tun daren Litinin. Amma ba ta lissafin kuɗi, kuma musayar rana tsakanin gida biyu yana rikita masu sabon hannu. In tsarinku ba ya yawan sauyawa, Calendar ta isa. In akwai kuɗi da yawan musaya, Sheets.

Trello da ire-irenta, masu allo da katuna da ake ja daga wannan layi zuwa wancan, an gina su ne don ma'aikata masu aiki a kwamfuta. Mun gwada na ɗan lokaci, mutum uku suka ci gaba da buɗewa. Wuri ɗaya na ga ta dace: mai haɗa masu sa kai, inda kowace bukata ke zama kati da ke tafiya daga "an nema" zuwa "an sami mai kaiwa" zuwa "an dawo". Shi kaɗai da mataimakinsa ke bukatar ganin allon.

Sai takarda da kiran waya, ɗan hakin da aka raina. Data tana ƙarewa, caji yana mutuwa, sabis yana ɗaukewa, kuma a kowace ƙungiya akwai wanda wayarsa ta kira ce kawai. Takardar jadawali a manne a bayan ƙofa ba ta bukatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Sarƙar kira kuma ita ce amsar safiyar tangarɗa: wanda ya fasa ya kira mai jiran ko-ta-kwana, ya kira mai kula, mai kula ya kira gida biyu, kowannensu ya kira na gaba da shi. Saƙo ana iya gani ko a ƙi gani, kira kuwa sai an ɗaga ka san ya isa.

To wanne da wanne?

Gida uku zuwa shida masu karɓa-karɓa ko ayarin ƙafa: zauren WhatsApp ɗaya mai doka, hoton jadawali a maƙale a sama, kwafinsa a takarda a kowane gida. Kada ku ɗora wa kanku fiye da haka. Gida goma zuwa talatin masu haya: zauren sanarwa daban da na hira, da Sheets don kuɗi da sunayen masu hawa, da mutum biyu masu kula don kada nauyin ya karya ɗaya. In kun wuce haka, da hanyoyi da motoci da yawa, Telegram da sassanta ta fara cancanta, muddin an cire adireshi da bayanan yara daga cikinta. Kai marasa lafiya: mai haɗawa ɗaya, kira kai tsaye, rubutu kaɗan.

In kuma ra'ayi ya rabu tsakanin manhaja biyu, ku dubi mutumin da ya fi kowa ƙarancin sabo da waya a cikinku, ku ɗauki wadda zai iya. A wurinmu wata kaka ce mai riƙon jikoki biyu. Da na tambaye ta ko ta ga sabon jadawalin, sai ta ce, "Ɗana, ni dai a kira ni, ko a ba yaran takarda su kawo min." Yanzu duk ranar Juma'a mai ɗaukowa yana miƙa mata takardar mako mai zuwa ta tagar mota, sunanta kuma shi ne na farko a sarƙar kira. A aljihun gaban kowace mota akwai kati mai sunayen yaran, da lamba biyu ga kowane gida, da sunan wanda aka yarda a miƙa wa yaro in iyayensa ba sa nan. Direba yana ƙirga kawuna in sun hau, ya sake ƙirgawa in sun sauka, ya leƙa kujerar baya kafin ya kulle mota.